Ƙarfen Da Ya Dace Da Gashin Malama

Wata huɗu ke nan madubin Malama yana kife a kan teburin ɗaki. Madubi ne mai mariƙi, na hannu, gefensa ya ɗan ɓantare. Injiniya yakan ɗaga shi ya goge ƙurar da ke ƙarƙashi, ya mayar da shi yadda ya same shi, fuska a ƙasa, don ya san in ya kuskura ya juya shi, to ranar ba za a kula shi ba sai yamma.

Injiniya dai ba wani injiniya ba ne, kada a ɗauke shi da girma. Mai gyaran kayan lantarki ne, fanka da dutsen guga da rediyo da butar shayi, a wani ɗan shago da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Malama ce ta laƙaba masa sunan tun suna sabon aure, don tsokana, sai unguwa ta ɗauka. Ita kuwa malama ce ta gaske, shekara talatin tana koyar da lissafi a firamare, har ranar da alli ya suɓuce daga hannunta a gaban allo, aka kwashe ta sai asibiti. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye. Ƙafar ta dawo, tana ɗan janta. Bakin ma ya dawo, sai dai maganar a hankali take fita. Hannun ne ya ƙi, yana kwance a cinyarta, yatsun a lanƙwashe kamar mai riƙe da ƙwai.

Likitar da ke motsa mata gaɓoɓi ba ta ɓoye wa Injiniya komai ba. Ta ja shi gefe ta ce hannun bai mutu ba, da sauran rai a cikinsa, amma in aka ƙara wata biyu ba ta motsa shi da kanta, zai sandare a haka, kuma ba mai iya dawo da shi. Ta ba su ƙwallon roba, a riƙa matsawa ana ƙirga goma, safe da yamma. Ƙwallon yana nan a ƙarƙashin kujera inda ya gangara. Duk sanda Injiniya ya ɗauko ya sa mata a tafi ya fara, "Ɗaya, biyu," sai ta kawar da kai.

"Injiniya, ni na koya wa rabin unguwar nan ƙirga. Kada ka ƙirga min."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya kira autarsu a waya ta yi kuka daga garin da take aiki, duk a banza. Tsoro yake ji ƙwarai, irin tsoron da bai taɓa ji ba ko a ranar da wuta ta wurgo shi daga kan tsani.

Kafin ciwon, Malama tana da abin da ba ta fashi. Kowace Asabar da hantsi takan wanke gashi, ta busar, ta jona tsohon ƙarfenta na naɗin gashi, ta zauna gaban madubi awa guda tana nannaɗe shi tsagi-tsagi. Gida ya ɗauki ƙamshin man gashi mai ɗumi. In ta gama ta fito falo ta tambaye shi ko zai ƙara shayi, sannan ta koma ta ɗaura ɗankwali ta rufe abinta ruf. Shi kuwa yana kan tebur da sukundireba, kansa a cikin rediyon wani, yakan ce, "Wannan wahala da me ta yi kama? Awa guda, kuma a rufe. Wa zai gani?" Ba ta taɓa ba shi amsa ba.

Ƙarfen nan sau huɗu yana gyara mata shi. Ya san cikinsa kamar yadda ya san aljihunsa, ya san wayar da ke ɗaukar zafi, ya san inda igiyar ke yawan tsinkewa. Yadda ake aiki da shi ne bai taɓa tsayawa ya kalla ba.

Wata Asabar ya dawo daga sayen burodi ya tarar da ita a bakin gado, ta warware kalba biyun da auta ta yi mata kafin ta koma aiki, tsohon ƙarfen yana ƙasa kusa da ƙafarta. Da hannun hagu ta jona shi, ta jira, ya ƙi yin zafi. Ta jawo ɗankwali ta yafa a ka. Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen, don wata huɗu ke nan bai ga ta nemi wani abu da kanta ba. Ya kai shi shago ya buɗe, ya tarar cikin ya ƙone ƙurmus, irin ƙonewar da ba ta gyaruwa.

Washegari ya sa hularsa mai kyau ya nufi shagon kayan gyaran gashi da ke kan babban titi. Yana shiga ya yi nadama. Mata ne cike, ƙamshin turare da na mai ya cika wurin, ga kawunan roba jere a kan kanta suna kallonsa. Mai shagon, wata mace mai jiki da tabarau rataye a wuya, ta taso.

"Baba, sannu da zuwa. Me za a kawo?"

"Ƙarfen naɗin gashi."

"Na wa?"

"Na iyali."

"To, wane irin gashi gare ta? Mai kauri ne ko mai laushi? Dogo ne ko gajere? Tana sa masa man miƙarwa?"

Injiniya ya ji matan sun yi tsit suna sauraro. Gashi kuma har yana da wani iri? Ya gyara tsayuwa ya ce, "Gashi ne dai irin na mutane. Ki fito min da su in duba, ni aikina ke nan."

Ta jera masa guda shida. Bai kalli kaurinsu ba, bai kalli abin da aka shafe su da shi ba. Juya kowanne ya riƙa yi yana karanta ɗan rubutun da ke jikin mariƙin, kamar yadda yake yi wa dutsen guga. Ya zaɓi wanda ya fi kowanne jan wuta, siriri, ƙarfe zalla mai ƙyalli, igiyarsa kakkaura.

"Baba, wannan na masu gashi mai tauri ne, kuma ba shi da wurin rage zafi."

"Shi ya sa ba zai lalace ba. Maɓallin nan shi ke fara mutuwa. Naɗe min shi."

Mai shagon ta mayar da shi kwalinsa. Ta sa masa a leda.

Asabar ta zagayo. Ya wanke mata gashi kamar yadda ya saba yi tun da aka sallamo ta, ya busar, ya taje, sannan ya fito da kwalin yana murmushi kamar wanda ya ciwo gasa. Malama ta kalli ƙarfen ta kalle shi.

"Kai za ka yi?"

"Me ke ciki? Naɗa waya nake yi tun ba ki san ni ba."

Ta juya masa ƙeya. Ya ɗebi gashi daga bayan kunnenta na hagu, ya nannaɗe a jikin ƙarfen, ya riƙe sosai don ya kama, yadda yake riƙe dalma a kan waya. Wani ɗan hayaƙi ya tashi. Wari ya biyo baya, warin da kowa ya sani. Da ya zare ƙarfen, gashin ya biyo shi, ya murƙushe a tafinsa.

Da ma ta yi masa faɗa, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta kai hannun hagu ta shafa wurin, ta jawo ɗankwalinta.

"Bar shi, Injiniya. Dama ba gashina ba ne. Nawa ya zube a asibiti. Wannan da ya rage wani ne, ban san shi ba."

Ta kwanta ta juya fuska bango. Ranar ko shayin ba ta sha ba. Shi kuma ya zauna a falo da guntun gashin a hannu, kunya da baƙin ciki sun ishe shi. Ta nemi abu ɗaya tak a wata huɗu, shi kuma ya ƙone shi da hannunsa saboda ba ya son mata su yi masa dariya.

Ran Litinin ya koma shagon da ambulan biyu a aljihu. Wannan karon bai sa hula mai kyau ba. Ya jira har mai shagon ta sallami wata, sannan ya ajiye kwalin a kan kanta.

"'Yata, na yi ɓarna."

Ta sa tabarau. Ya buɗe ambulan na farko, gashin da ya ƙone ne da wanda ya tsinta a mataji da safe. Na biyu kuwa daga tsohon burushinta ya ciro shi, wanda ke cikin durowa tun kafin ciwon, ba a taɓa shi ba. Ya gaya mata komai, da allin da ya faɗi, da hannun, da madubin da ke kife. Mai shagon ba ta ce ai na gaya maka ba, kodayake ta cancanci ta faɗa. Ta zaro sili ɗaya daga kowane ambulan ta shimfiɗa a kan farar takarda.

"Murza wannan a yatsunka, Baba. To, murza wannan kuma."

Ya murza na dā, ya ji shi a yatsa, baƙi ne, mai jiki. Ya murza na yanzu, bai ji komai ba, sai da ya duba ya tabbata yana nan. Fari-fari ne, siriri kamar zaren gizo-gizo. Ya tsaya yana kallon silin biyu, sai ya ji abin ya faɗo masa.

"Wannan ai siririyar waya ce," ya ce a hankali. "Na ɗora mata wutar da ta fi ƙarfinta."

"Ka ga ka ma fi ni iya faɗa."

Shekara talatin da biyu yana kwana kusa da gashin nan, wata huɗu yana wanke shi da hannunsa, amma sai a kan takardar wata baƙuwa ya san ya canza. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Ta ɗauke ƙarfen mai ƙyalli ta ajiye gefe, ta ɗauko wani fari, mara nauyi. Ta ce wannan da tangaran aka shafe shi, zafinsa yana bazuwa daidai ko'ina, ba ya taruwa wuri ɗaya ya ci gashi. Ta nuna masa maɓallin da ya raina, ta juya shi zuwa can ƙasa, ta ce nan zai tsaya, ko da wasa kada ya haura. Sannan ta tambayi tsawon gashin.

"Yana taɓa kafaɗa."

"Naɗin da take yi fa, ƙanana ne masu matsewa, ko manya masu saki?"

Ya tuna ƙamshin man, ya tuna muryarta tana tambayar shayi, amma naɗin ya ƙi zuwa masa.

"Ban sani ba," ya ce. "Amma tsohon ƙarfen nata kaurinsa kamar babban yatsana ne da rabi. Wannan kam na tabbata, sau huɗu na buɗe shi."

Mai shagon ta yi dariya har tabaranta ya zame. Ta canza masa da mai wannan kaurin, ta haɗa masa da kwalbar man da ake fesawa kafin zafi, da safar hannu guda, da 'yan kilif na maƙale gashi. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye ledar.

"A'a, Baba. Ba za ka fita da shi ba sai ka koya. Ga kai can."

Haka Injiniya ya koma ɗan makaranta. Kwana huɗu a jere, da ya ci abincin rana sai ya ce wa Malama an kira shi gyaran fanka, ya rufe shago ya tafi ya zauna a lungun shagon mata da kan roba a tsakanin gwiwoyinsa. Mai shagon tana sallamar masu saye tana jefo masa umarni. Tsagin ya yi yawa, rage. Ƙarfen ya kalli ƙasa. Kada ka matse, gashi ne ba waya ba. Ƙirga shida ka saki. Ranar farko ya ƙi sa safar, wai ba ya jin abin da yake taɓawa, ya ƙona yatsu biyu. Matan da ke shigowa suka fara da ƙunshe dariya, zuwa rana ta uku har gaishe shi suke yi da aiki, wata ma ta ce in ya ƙware za ta kawo kanta.

A rana ta huɗu ya yi naɗi mai kyau, ya saki, yana kallo ya warware ya miƙe. Ya yi tsaki.

"Saura abu ɗaya," in ji mai shagon. "Gashi mai laushi ba ya riƙe naɗi in ka sake shi da zafinsa. Kana zarewa ka tare shi a tafin hannu, a dunƙule, ka riƙe har ya huce. In hannunka ba ya isa, ka maƙale shi da kilif ka ci gaba."

Ya gwada. Naɗin ya zauna daram.

Ran Asabar, bayan ya wanke mata gashi, ya rasa ta inda zai fara. Yana taje mata yana kame-kame. Malama ce ta kamo hannunsa da na hagunta ta juya shi, ta dubi filastar da ke yatsunsa.

"Wace irin fanka ce take ƙona mutum?"

"Wata iri ce sabuwa."

"Kuma tana ƙamshin man gashi?"

In dai ta tsare shi da tambaya, Injiniya bai taɓa iya yi mata ƙarya ta wuce minti biyu ba. Ya zauna a bakin gado ya kwashe komai ya faɗa mata, har da kan roba, har da matar da ta ce za ta kawo kanta. Ya ga gefen bakinta na hagu yana rawa, sai ga dariya ta kuɓuce mata, 'yar ƙarama, a karkace, ta farko tun asibiti.

"Kai, a cikin mata, da kan roba a cinya?"

"Sunanta ma na sa mata. Hedimasta, don ba ta dariya."

"Allah ya shirye ka."

"Malama, tsagi ɗaya kawai, can baya. In kin ji ko alamar wari, ki sa in jefar da shi a bola."

Can ta tashi, ta ja ƙafa zuwa kujerar da ke gaban tebur, ta zauna.

Ya fesa man, ya sa safar, ya duba maɓallin sau biyu. Ya ɗebi ɗan tsagi, ya naɗa, ya ƙirga shida a zuci, don ya san abin da zai biyo baya in ya ƙirga a fili. Ya zare, ya tare a tafi, ya jira. Da ya buɗe hannu, naɗin ya sauko a wuyanta ya ɗan yi tsalle. Ta kai hannun hagu ta laluba shi, ta ja shi ƙasa ta saki, ya koma.

"Ci gaba," ta ce.

Ya yi na biyu, ya yi na uku, ya zagayo gefen hagu. Yana cikin na biyar ta ce, "Tsaya. Ina kake kai shi?"

"Naɗawa nake."

"Ciki kake naɗowa. Waje ake yi, ya bar fuska. Mai shagon ba ta koya maka ba?"

"Hedimasta ba ta taɓa ƙorafi ba."

Malama ta ja tsaki irin wanda take yi wa ɗalibin da ya rubuta bakwai a juye. Hannunta na hagu ya tafi kan tebur, ya kama mariƙin madubin, ya ɗaga. Ta daɗe tana kallon fuskarta, gefen bakin da ya ɗan sauka, furfurar da ba ta san da ita ba, gurbin da ya ƙona a bayan kunne. Idonta ya cika. Ya yi zaton za ta mayar da shi ta kife, amma sai ta karkata shi gefe ta nuna da haɓa.

"Wannan ka sake shi. Waje."

"To, Malama."

Daga nan ba ta ƙara barinsa ya huta ba. Wannan ya yi kauri, wancan ya yi sama da yawa. Shi kuwa daɗi ya cika shi, a ransa yana cewa a yi ta yi masa faɗa har gobe. Suka gama hagu, ya zagayo dama. Nan aikin ya cakuɗe masa, don ba ta wannan gefen ya saba ba. Ya zare wani naɗi ya tare a tafi, ga ƙarfe a ɗaya hannun, ga sauran gashin yana zubowa a kan wanda ya gama.

"Hannuna bai isa ba. Ajiye madubin ki riƙe min wannan ya huce."

"In ajiye ka ƙone ni?"

Ya jingine ƙarfen a mazauninsa, hannunsa ya tafi aljihun riga inda 'yan kilif suke. Har ya taɓa su. Sai ya ga ta cikin madubin ba shi take kallo ba, cinyarta take kallo. Ya zare hannunsa daga aljihun ba komai a ciki.

Yatsun ne suka fara motsi, kaɗan. Sannan hannun ya rabu da cinyar kamar ana ɗaga bokiti cike da ruwa. Ya kai ciki, ya tsaya yana karkarwa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Duk jikin Injiniya yana ce masa ya kama ya taimaka, ya danne, ya tsaya da naɗin a tafinsa. Ta dafa gwiwar hannun a kan hannun kujera, ta cije leɓe, ya ƙara tashi, ya kai ƙirji, ya kai kafaɗa. Ya sunkuyo da naɗin ya zuba shi a cikin yatsun nan da suka lanƙwashe, ya zauna a ciki cif kamar an auna.

"Da ɗumi," ta ce. "Ina jin ɗuminsa."

"Riƙe har ya huce."

"Nawa ake ƙirgawa?"

"Goma."

"To, me kake jira? Ƙirga mana."

Ya ƙirga. A wajen shida muryarsa ta ƙi fita, ita ta ƙarasa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. A goma ta saki, hannun ya faɗo cinya, naɗin ya zauna.

Saura tsagi huɗu a gefen. Ta riƙe uku. Na huɗun hannun ya ƙi tashi sam, ta gaji, shi ya riƙe. Da ya kashe ƙarfen ya cire shi daga soket, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Abubuwan nan da ke ƙara a aljihunka, ka mayar wa mai shagon. Ba ma bukata."

Aikin bai yi kyau can ba, gaskiya. Gefe ɗaya ya fi ɗaya cika, ga gurbin ƙuna a bayan kunne. Ta jujjuya madubin ta duba ko'ina, sannan ta jingine shi a jikin kwalbar mai, a tsaye. Injiniya ya ɗauko ɗankwalinta daga kan gado ya miƙa mata, kamar yadda ya san ana yi. Ta karɓa ta ajiye a gwiwa.

"Kullum kana tambaya wa zai gani," ta ce. "Shekara talatin da biyu, duk Asabar sai na fito falo kaina a buɗe na tambaye ka shayi. Kai kana tsammanin ban san ka riga ka sha ba?"

Ya tsaya da safar a hannu. Ya tuna teburin, da sukundireba, da rediyon mutane, da yadda yake cewa a'a na gode ba tare da ya ɗago ba. Bai nemi abin karewa ba, don babu. Ya jawo 'yar kujerar da yake takawa in zai canza ƙwan fitila, ya ajiye a gabanta, ya zauna, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Tambaye ni yanzu."

Ta gyara zama, ta ɗan karkata kai yadda naɗin zai zubo a kafaɗa.

"Injiniya, za ka ƙara shayi?"

"Bari tukuna," ya ce. "Ban gama kallo ba."